Kwalabe Shida a Shagon Baba Madu

Mahaifina, Baba Madu, shekara arba'in yana sayar da turare a unguwar Hausari. Hancinsa ba ya kuskure, hannunsa ba ya rawa, amma wallahi yana da wani hali mai ƙona rai: ba ya iya ganin kwalba rabi ya ƙyale ta. Da ya ga biyu kala ɗaya, sai ya juye wannan cikin waccan, ya wanke wadda ta rage. Maganin tarin mamanmu ma bai tsira ba.

Ni kuwa ina karatun digiri na biyu a kimiyyar sinadarai. Aikina dafa man aduwa da wani sinadari har iskar oksijin ta shige shi, abin da muke kira ifoksideshan. Ido ba ya ganin canjin. Sai dai kowace awa ka ɗebi kaɗan ka rufe a kwalbarsa daban, a kai wa na'urar NMR. Ita ce ke zana maka yadda asalin man ke raguwa, sabon yana ƙaruwa, awa bayan awa. Na'urar tana wani gari mai nisa, wata bakwai ina jira kafin a ba ni ranar Talata. In ta wuce ni, sai baɗi zan gama karatu.

Firjinmu na makaranta ba wuta, shi ya sa na kai kwalabe shida shagon Baba, tunda yana da sola. Na ce, "Baba, don Allah kar a taɓa." Ya ce to.

Ranar Litinin na zo ɗauka, sai ya miƙo min kwalba ɗaya tal, a cike, yana murmushi.

"Na shinshina su duka, abu ɗaya ne. Shida a mota ai fashewa za su yi."

Innalillahi! Na zube a benci ina kuka ina faɗa. "Haba Baba! Na awa ɗaya daban, na awa shida daban, bambancin nan shi ne aikin gaba ɗaya!" Ga shi sinadarin ya ƙare, balle in sake.

Da na ɗago, na tarar ya jera kwalaben da ya wanke, yana raba man daidai wa daida, ko ɗigo bai zuba ba. Ya turo min su a hankali.

"Ga su, Hanifa. Yanzu za su karɓa?"

Na ce za su karɓa, Baba. Ina fita na kira masu na'urar, na ce su ba wani ranar Talatar.