Tambayar da Ladan Ya Goge

Ladan mutumin Kafin Maiyaƙi ne. Kafin ya shiga aikin rediyo dillalin hatsi ne, kuma a kasuwa ya koyi yadda ake sa mutum ya faɗi abin da bai fito gida da niyyar faɗa ba. Wajen 1955 wani gidan rediyo a Kano ya ɗauke shi, aka ba shi keke da akwatin ɗaukar magana, yana zaga garuruwa daga Bebeji har Doguwa yana hira da mutane.

Ba ya fara tambaya sai an gaisa. Ya tambayi gida, ya tambayi gona, har da ƙafar da ta yi ciwo bara. Kafin a zo kan magana rabin tef ya tafi. Shugabansa ya gaji. Shekarar da sanƙarau ya ratsa ƙasarmu, sai ya ce masa ya kawo muryar uban da ya rasa ɗa, don mutane su ji su riƙa kai yara asibiti da wuri. In ya kasa, a ba wani aikin.

Ya je Kiru, ya je Tudun Wada, ya shiga rugage a gefen Falgore. Duk wanda ya tambaya sai ya ce, "Mai abu ya karɓi abinsa." Daga ƙarshe ya zo zaurena a Bebeji, don ni ma cutar ta ɗauke mini 'ya, ya jingine keken, ya zauna kamar an sauke buhu.

"Malam, kai ka yi karatu har Ibadan," ya ce. "Na ce ko kai ka wuce wannan nauyin bakin namu. Ka taimaki ƙaninka, ƙafafun nan sun ƙare."

"Kunna," na ce masa.

Na faɗi yadda zazzaɓin ya kama 'yata, da yadda wuyanta ya sanƙare, da yadda muka isa asibiti a makare. Yana ta gyaɗa kai, fuskarsa ta ɗan saki. Sai ya ce, "Masu sauraro za su so su san ta. Yaya sunanta?"

'Yar fari ce. Tun ranar suna ban taɓa kiran sunan ba, "ke" nake ce mata, kamar yadda mahaifina ya yi wa yayana. Ladan ya san wannan kamar kowa, gajiya ce kawai. Na buɗe baki, ba abin da ya fito. Tef yana ta juyawa.

Ya kashe akwatin. "Subhanallahi. Na yi katoɓara, Malam. Yafe mini."

"Ba komai. Ka sa 'yan gidan rediyon su yanke wurin, sauran ya isa."

"Ni nake yankan? In sun ji shirun nan cewa za su yi shi ne naman miyar. Duk Kano su zauna suna jin ka kana haɗiyar yawu? A'a."

Ya mayar da tef ɗin baya, ya goge shi kaf, ya ce mu sake daga farko. Na gwada, maganar ta ƙi dawowa. Ya jira har aka kira la'asar, sannan ya rufe akwatin, muka tafi masallaci tare.

Da ya koma Kano bai jira an sallame shi ba, ya miƙa musu kayansu. Ya yi sauran shekarunsa yana noman dawa a gonar wansa.