Randar Irin Sha-raɓa

A wani ƙauye da ke gindin dutse, kusa da Allakaye, an yi wani manomi mai suna Halidu Gado, amma ba mai kiransa haka sai liman. Sha-raɓa ake ce masa, domin raɓa ba ta taɓa bushewa ba ta jiƙa masa ƙafar wando ba. Ubansa mutum ne mai zafi, in ya iske ɗansa zaune da rana sai ya ce masa raggo a gaban jama'a. Uban ya daɗe da rasuwa, amma kalmar ta zauna wa Halidu kamar ƙaya a tafin ƙafa. Ko ranar sallah, in an sauko daga idi, sai ya ratsa gona ya tsince duwatsu.

Damanar 1984 ta zo da ruwa ɗaya mai daɗi, aka shuka, tsiro ya leƙo ya ƙone. Halidu ya sake shuka, iska ta rufe ta da rairayi. Ya yi bizne, wato shuka a busasshiyar ƙasa don ruwa ya iske ta, sai yayyafi ya zo wanda ya isa ya ta da ƙwaya amma bai isa ya raya ta ba. Ƴaƴansa maza suka hau kamyo, babbar motar kaya, suka nufi Abijan. Shi kuwa kullum yana gona, yana nome ƙasar da ko haki babu.

Abin da ya rage randa ɗaya ce a ɗakin yayarsa Furera, wadda ta dawo gidan bayan mutuwar mijinta. Gero ne irin gidansu, an cuɗe shi da toka, an liƙe bakin da laka. In ya tafi, baɗi ba abin da za a sa a ƙasa.

Wata safiya, watan takwas ya yi nisa, gabas ta yi baƙi ƙirin. Halidu ya shigo da sungumi a kafaɗa, ya iske Furera zaune daram a kan bakin randa, tana saɓa zare.

"Yaya, tashi."

"Ina kwana, Sha-raɓa. Ko gaisuwar ma fari ya cinye ta?"

"Hadari ya taso. Tashi in ɗebi iri."

"Hadarin ga na san shi," in ji ta. "Na shekaranjiya ne, ya komo ya gani ko akwai sauran wawa a garin."

Iska ta bugi ƙyauren ɗaki. Ƙamshin ƙasa jiƙaƙƙa ya shigo daga wani wuri mai nisa.

"In ruwa ya sauka ya iske gonata wayam, mi zan ce?"

"Wa zai tambaye ka?"

Ya juya ya dubi gabas. Furera ta ƙara da cewa:

"Ko an kwana ana ruwa, geron da aka shuka yanzu ba ya kai ga zangarniya. Ka fi ni sani."

Ya sani. Sanin ne ma ke cin sa. Amma ƙafafunsa ba su san wata hanya ba sai ta gona.

"To in zauna ke nan? In naɗe hannu, ana kallona, kamar raggo?"

"Kai ka ɗauke ruwan?"

Aka yi tsawa. Halidu ya sauke sungumi daga kafaɗa, ya dubi cikin randar da ya fito tsakanin ƙafafun yayarsa. Ƙane ba ya ɗaga yayarsa daga mazauninta, amma bugu ɗaya ya isa tukunya. Ya ɗaga ƙota. Furera ta ajiye mazari, ba ta matsa ba.

"Buga," ta ce. "Amma ka ji wannan tukuna. Shekarar fara, kana goye a bayan Inna, na ga Baba zaune gindin rumbu. Har damana ta fita bai taɓa hauya ba. Na ga hawayensa da idona. Irin ga da ke ƙarƙashina, zaman nan nasa ne ya bar muna shi."

"Baba?"

"Shi fa. Bai iya yafe wa kansa ba, shi ya sa ya huce a kanka."

Sungumi na sama. Halidu ya ga hannuwansa, duk sun tsattsage, jijiyoyi sun fito kamar saiwar ƙaya. Ya dube su yadda mutum ke duban jakin da ya yi wa lodi fiye da kima. Sannu a hankali ƙota ta sauko. Ya jingina ta da bango, ya zauna a bakin ƙofa.

Ruwan ya zo, kuma ba kaɗan ba. Ya ga maƙwabta suna gudu da ƙoren iri a ka, wani ma ya yi masa kira da sunan nan nasa. Sau da yawa gwiwarsa ta motsa za ta tashi, ya danne ta da tafi. Daga baya yakan ce bai taɓa noma mai wuyar zaman wannan yini ba. Furera ba ta sauka daga randa ba sai azahar, ta dama ɗan kunun dusa ta miƙa masa, ya sha, ya yi barcin rana irin wanda rabonsa da shi tun yana yaro.

Shi ne ruwan ƙarshe na shekarar. An sha wuya, an ci ganye, an ci ƴaƴan anza masu ɗaci, awaki sun ƙare. Randa dai ba a taɓa ta ba sai da damana ta zagayo, Halidu ya fasa lakar da hannunsa, ya ɗiba wa maƙwabtan da suka rasa nasu.

Bai daina sammako ba har tsufa ya kama shi. Amma jikokinsa sun ce in ya iske ɗayansu zaune a inuwar gawo da tsakar rana, yakan tsaya a kansa har yaron ya tsorata, sannan ya ce, "Matsa mini in zauna."