Waƙa a Bakin Kabarin Yayana

Yayana ya rasu da damina, a shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki su bar wa farar hula mulki. Tankar mai ce ta haɗu da motarsu kusa da Jere, yana komawa Kaduna bakin aiki. Da safe ya ci tuwon acca a gidanmu a Kafanchan, ya yi mini tsiya cewa miyata ta yi gishiri, ya ce in ya dawo zai gayyace ni talbijin in yi wa jama'a bayanin inda na kai sauran gishirin gidan. Kafin rana ta faɗi aka aiko mu je mu ɗauko gawarsa.

Ɗan jarida ne a gidan talbijin. Yana da shirin da yake zaunar da manyan mutane, 'yan siyasa da masu neman zama 'yan siyasa, ya yi musu tambayoyi. Ba ya ɗaga murya, ba ya zagi. Zai yi tambaya, mutum ya yi ta kewaye-kewaye har ya gaji, shi kuwa yana kallonsa kamar ɗalibi mai ladabi. Idan mutumin ya yi shiru, sai ya ce, “Na gode, ranka ya daɗe,” ya sake maimaita tambayar nan dai, ba ya canza ko kalma. Tun muna yara haka yake. Ni na fi kowa sani, don a kaina ya koyi sana'ar, duk ranar da nama ya ɓace a tukunyar Mama.

A unguwarmu akwatin talbijin ɗaya ne, a shagon giyar wata Inyamura da muke kira Madam, matar wani direban jirgin ƙasa. Bayan yaƙin basasa suka dawo Kafanchan, suka tarar Mama ta ajiye musu tukwanensu da keken ɗinki, tun daga nan muka zama kamar dangi. Eriyar tana kan doguwar gora. In hoto ya ƙi fitowa, mijin Madam ne yake fita ya yi ta juya gorar muna yi masa ihu daga ciki. Ranar shirin yayana hatta waɗanda ba sa taka shagon giya sukan zo su tsaya ta taga. Mama kuwa kujerarta tana gaba, kusa da akwatin. Yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai inuwa, amma kunnenta garau. Da ya buɗe baki sai ta ce, “Shi ne,” kamar akwai mai musu.

Akwai wani ɗan kwangila a garinmu, ɗan yankinmu ne, majami'armu ɗaya. An ba shi aikin gada a wani rafi ta wajen Godogodo, ya kafa ginshiƙai ya tafi abinsa. Damina ta zo ta wuce, wata ta zo, mata suna ratsa ruwa har ƙirji da buhunan citta a ka. Da aka buɗe siyasa sai ga shi da babbar riga yana neman kujerar majalisa. Shi da kansa ya nemi a sa shi a shirin yayana, wai ai ɗan gida ne, zai yi masa sauƙi. Yayana ya bar shi ya gama lissafa alheran da zai yi wa talakawa, sannan ya ce, “Ina gadar?” Mutumin ya yi maganar tsadar siminti. Yayana ya gode masa, ya ce, “Ina gadar?” A hoton nan mai kama da yayyafi ma sai da muka ga gumi yana gangaro masa. Bayan shirin, yara suna ganin motarsa sai su bi ta da wannan tambayar.

Ban ce shi ya kashe yayana ba. Direban tankar ma bai tsira ba, kuma ban taɓa ɗora wa kowa jinin ba. Abin da ya yi dai shi ne wannan. Ana zaman makoki a gidanmu, Madam ta zo gaisuwa, ta ja ni bayan rumbu, idanunta jajur.

“Sista, zan gaya miki wani magana, amma kar Mama ya ji,” ta ce. “Wannan kontirakto, ranar da labari ya zo, yana shago na. Ya ce a ba kowa biya, shi zai biya. Ya ɗaga kwalba sama, ya ce, yau dai wannan baki ya rufe. Yana dariya, Sista. Na kore su duka, na kulle shago.”

Ban yi kuka ba. Tun ranar da aka kawo gawar nake kuka, amma a bayan rumbun nan hawayen suka ɗauke ƙaf. Na ji na tsani mutum yadda ban taɓa sanin ana tsana ba. Da yana gabana a lokacin, da taɓaryar da ke jingine a wurin ta yi aiki.

Sai kuma labari ya zo cewa abokan aikin yayana za su zo jana'iza da na'urar ɗaukar hoto, a nuna wa duk jiha yadda aka binne shi. Labarin bai kwana ba ɗan kwangila ya aika wa Fasto cewa yana so a ba shi dama ya yi jawabi a bakin kabari, a matsayinsa na babban ɗan yanki. Zaɓe ya ƙarato. Mutumin da yayana ya tsiraita a talbijin yana so ya wanke kansa a talbijin, a kan akwatin gawar yayana.

Na tafi gidan Fasto ko ɗankwali ban ɗaura daidai ba. Dattijo ne mai sanyin hali, shi ya yi mana baftisma ni da yayana. Na gaya masa abin da Madam ta ji. Ya daɗe yana goge tabarau.

“Ɗiyata, maganar shagon giya ba shaida ba ce a gaban ikilisiya,” ya ce. “Kuma kin san abin da Littafi ya ce game da ramuwa.”

“Na sani, Baba. Na kuma san wanda ya sayi kwanon rufin majami'a.”

Ya dube ni, na dube shi. Ya ce in je in yi addu'a. Na ce to, na fito, addu'ar da na yi a hanya ba irin wadda yake nufi ba ce.

Ranar jana'iza ni na kai wa baƙin Kaduna abinci. Mai ɗaukar hoton wani siriri ne, yana ta goge na'urarsa yana share hanci, don ya yi shekaru yana aiki da yayana. Na tambaye shi ko zai ɗauki komai da komai. Ya ce ina! Fim tsada gare shi, ɗan guntu aka ba shi. Ya ajiye mafi yawansa don bakin kabari, idan ya ƙare kuwa ya ƙare, sai ya naɗe kayansa. Na ƙara masa nama, na koma cikin mata.

A lokacin ni ce mai ba da waƙa a zumuntar matan majami'armu. Wanda bai san al'adarmu ba ba zai gane girman wannan ba. A wurin binne mamaci, idan mai ba da waƙa ta ɗaga murya, mata suka amsa, kiɗan tulu da kacau-kacau suka shiga, to babu mai magana sai ta sauke. Fasto ba ya katse ta, dagaci ba ya katse ta. Waƙar ta mamacin ce, rakiya ce ake yi masa, wanda ya tsayar da ita kamar ya tare masa hanya ne. Mai ba da waƙa ita ke da hankalin sanin inda za ta tsaya, kuma ba a taɓa jin wadda ta wuce gona da iri ba. Ban gaya wa kowa niyyata ba sai mai kaɗa babban tulu, wata gwauruwa 'yar wajen Godogodo, wadda ƙanwarta ta taɓa rasa buhun citta a rafin nan. Ta ce, “Hannuna ba ya gajiya.”

Mama ba ta zo bakin kabari ba. Tana ɗaki da tsofaffin mata, kamar yadda ake yi wa uwar da ɗanta ya riga ta. An yi ruwa da safe, jar ƙasar da aka haƙo ta zama taɓo, takalman manyan baƙi duk sun ɓaci. Fasto ya yi wa'azi, shugaban yayana na wurin aiki ya yi gajeren jawabi. Sai Fasto ya kira ɗan kwangila ba tare da ya kalli inda nake ba. Ya fito da farar babbar riga, da farin hankici a hannu, ya tsaya daidai inda na'urar take kallo. Na ji na'urar ta fara ƙara. Ya gyara murya, ya ce, “'Yan'uwana cikin Almasihu...”

Nan na ɗaga waƙa.

Mata suka amsa, don haka aka saba, jiki ne yake amsawa kafin tunani. Tulu ya shiga. Mutumin ya yi murmushi irin na mai haƙuri, ya sunkuyar da kai yana jiran baiti ya ƙare. Baiti ya ƙare na kama wani. Da na gama baitocin waƙar sai na koma farko. Da na gaji da ita na shiga wata ba tare da numfashi ya ratsa tsakani ba. A nan matan suka gane. Na ga wata ta taɓa wata da gwiwar hannu, muryoyi suka ƙara ƙarfi. Madam, wadda ba 'yar majami'armu ba ce, ba ta kuma san kalmomin ba, ta shigo tsakiya tana amsawa da iya ƙarfinta. Da waƙoƙin Hausa suka ƙare mini na koma na yarenmu, irin waɗanda kakanninmu suke raka mamaci da su, na riƙa sa sunan yayana a ciki.

Ɗan kwangila ya ɗaga hannu a yi shiru, ba wanda ya kula. Ya yi ƙoƙarin yin magana a kan waƙar, bakinsa yana motsi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, amma ko na kusa da shi ba ya jin komai. Gumi ya karyo masa, ya riƙa goge fuska da hankici. Fasto ya zuba mini ido, ni kuwa na zuba wa na'urar. Maƙogwarona ya fara ɗanɗanon jini. Ban sauke ba sai da na ga siririn nan ya ɗaga kai daga na'urarsa ya rufe mata ido da murfi. Sannan na ja amshi na ƙarshe a hankali, na yi shiru. Hadari ya riga ya haɗu, Fasto ya ce a saukar da akwati kafin ruwa ya sauko. Ɗan kwangila ya koma mazauninsa bai yi jawabin ba.

Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. A tsakiyar baƙin cikin da ya fi kowane a rayuwata, na ji wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa. Dattawan ikilisiya suka dakatar da ni daga ba da waƙa, na karɓi hukuncin da hannu biyu. Muryata ma ta dushe, ko gaisuwa sai da raɗa. Mama ta ce ta jiyo mu daga ɗaki, ba ta taɓa jin an raka mamaci da waƙa mai tsawo haka ba, Allah ya yi mana albarka. Ba ta san dalili ba, mun kuma yi shawara a gida kada kowa ya gaya mata, don zuciyarta ba za ta ɗauka ba.

Da yammar da za a nuna jana'izar a labaran Hausa, shagon Madam ya cika har waje. Na riƙo hannun Mama na zaunar da ita a kujerarta. Na zauna kusa da ita ina jira duk jiha ta ji muryoyinmu sun danne mutumin nan.

Abin da ban sani ba, ban kuma yi tunanin tambaya ba, shi ne na'urar ba ta ɗaukar sauti. Hoto kawai take ɗauka, a can Kaduna mai karanta labarai ya ɗora magana a kai. Mu a tunaninmu, abin da ya ga fuska ai ya ji murya.

Aka nuno akwatin gawa, aka nuno mu da ɗankwalayen zumunta, bakunanmu a buɗe kamar kifi, shiru. Sai ga farar babbar riga ta cika akwatin talbijin. Ga shi ya sunkuyar da kai. Ga shi ya ɗaga hannu sama, bakinsa yana motsi da ƙarfi, jijiyoyin wuya a tashe. Ga shi yana goge fuska da farin hankici, yana sake gogewa. Saboda na ƙi sauke waƙa, kusan duk fim ɗin a kansa ya ƙare. Mai karanta labarai ya faɗi sunansa, ya ce fitaccen ɗan yankin ya yi jawabi mai ratsa jiki, har hawaye suka ci ƙarfinsa.

Madam ta dafe kai da hannu biyu. Mama ta matso da fuskarta kusa da gilashin, tana ƙoƙarin ganin farin abin da ke motsi.

“Mai gadar nan ne?” ta tambaye ni.

Na ce shi ne.

“Wanda yayanki ya ba shi kunya a gaban duniya? Shi ne ya zo yana kuka haka?” Ta share idanunta da bakin zani. “Kai, wannan Kirista ne na gaskiya. Ni da na haife shi ma ban samu na tsaya a kabarinsa ba, wannan bawan Allah ya tsaya mini. Ubangiji ya ba shi abin da yake nema.”

Tsohuwa ce mai makoki ta sa albarka, ba a barin irin wannan ta faɗi ƙasa. Mutanen shagon suka amsa da amin, ƙasa-ƙasa, kowa yana kallon ƙafarsa. Mama ta juyo wajena tana jira, hannunta yana neman nawa. Na ba ta hannun, na nuna mata maƙogwarona cewa murya ba ta fita. Ta rasu bayan 'yan shekaru tana yi masa addu'a, ban taɓa gaya mata ba. Amin ɗin nan kuwa ban ce ba a ranar, har yau ban ce ba, kuma ba zan ce ba.