Nomau Mai Duba Gwiwa

Duk wanda ya san taubashina Nomau a Dogon Dutsi ya san ba ya kallon fuskar mutum, gwiwa yake kallo. Sai ya bari ka gama gaisuwa ka yunƙura daga tabarma, ya karkata kai yana saurare, in ya ji ƙas ya ce, "Ta hwara." Shi tasa ta fara ne tun ranin da Nasara suka kwashe mu aikin tilas, muna ɗaukar dutse a ka don hanyar mota. Daga nan ya mai da ciwon sana'a. Shekara da shekaru yana bin tsofaffin garin da tambaya, har ya ce ya gane tafiyar abin: ƙara, sai sanda, sai salla a zaune, sai ɗauka, wato ranar da wani zai ciccibe ka ya kai ka bayan gida. Sauran duk ya yarda da su, amma ɗauka ya rantse ba za a yi masa ba, balle da yake 'ya'yansa maza sun tafi Kurmi, ɗiyarsa Hajo kaɗai ta rage a gidan.

Tanko mahauci ya fi kowa shan wuyarsa. A tsakiyar kasuwa Nomau ya gaya masa ba zai ga damina biyu ba sai da sanda. Tanko ya zage shi tas. Da lokacin ya yi kuwa sai ga Tanko yana dogara hauya mai doguwar ƙota, wai maƙera zai kai ta gyara. Mahauci da hauya! Haka ya yi ta yawo da ita har tsufa, Nomau kuma kullum sai ya tare shi: "Tanko, hal yau maƙerin bai komo ba?" Ranar da Tanko ya rasu, Nomau ya ja ƙafa ya je gaisuwa, ya roƙi magada su daure su kai hauyar nan maƙera, kada alkawari ya bi mamaci.

Shekarar da aka zo ɗibar soja, iyaye mata suka riƙa kawo masa ƙwai da fura don ya koya wa samarinsu ɗingishi, kada a ɗauke su. Ya koyar tsakani da Allah, har da bambancin na gwiwa da na ƙugu. Ranar duba sai ga samari a jere, kowa na jan ƙafar hagu, hannu a ƙugu, nishi ma iri ɗaya. Nomau yana gindin gawo, ya ga wani ya ɓata, ya kasa haƙuri ya ɗaga murya: "Ba hakanan ba, ɗan nema, jaye ta a hankali!" Likitan Nasara ya yi dariya har da riƙe ciki, aka kwashe su duka. Wasunsu ba su dawo ba, shi kuma bai sake karɓar ƙwan kowa ba.

Bayan ya koma salla a zaune sai rowa ta kama shi. Hajo ta kawo tuwo ya yi loma biyu ya ture, wai gero ya yi tsada, alhali rumbunsa cike. Ni kuwa taubashi, me zan jira? Na sa masa suna Maigadin Rumbu, gari ya ɗauka, shi ma yana taya mu dariya yana ramewa.

Wata hantsi na shiga gidan na same shi a ƙasa, yana jan ciki da gwiwar hannu zuwa bayan gida. Hajo na tsaye ta juya baya tana kuka, don ya hana ta matsowa. Na sunkuya zan ɗaga shi, ya harare ni.

"Taɓa ni ka gani. In taimako kaka so, buɗe rigakka ka kare ni, kada yarinyag ga ta gane ni haka."

Na buɗe riga na bi shi sannu a hankali. Da muka dawo yana haki na ce ya ci wani abu ko ya samu ƙarfi. Ya ce, "Kai wawa na. Wanda ya ci, shi ka zuwa bayan gida." A ranar na gane rowar, kuma na yi baƙin ciki irin wanda ban taɓa yi ba, don na san ba mai iya tanƙwara shi, ciwon kuma ba ya komawa baya.

Bai kai kaka ba. Ɗauka guda aka yi masa a duniya, ta makara, ina cikin masu ɗaukar, kuma wallahi bai yi nauyi ba.

Allah Ya jiƙan Nomau, Ya yafe masa taurin kai, Ya tashe shi tsaye da ƙafafunsa, Ya ciyar da shi har ya ƙoshi.