Uwar Faranti da Bahon Wanke Ƙwai

A gidansu ana kiranta Uwar Faranti, domin aikinta a ɗakin gwaje-gwajen asibiti shi ne shuka ƙwayoyin cuta a kan ƙananan farantai, ta jira su tsiro. Tun tana yarinya haka take: idan madara ta lalace, kowa ya ce a zubar, ita kuwa sai ta tambayi abin da ya shige ta.

Yayanta mai kiwon kaji ne, mutum mai tsananin tsafta. Kowace safiya yakan wanke ƙwai a babban baho, yana alfahari cewa nasa sun fi na kowa ƙyalli. Ana nan sai ƙaramar 'yarsa ta kwanta da zazzaɓi da gudawa. Ta ɗan farfaɗo, ciwon ya dawo. Likita ya nemi gwaji, aikin kuwa ya faɗo hannun gwaggonta.

Washegari ɗigo-ɗigo masu baƙin tsakiya suka tsiro a farantin, sauran gwaje-gwaje suka tabbatar ƙwayar cutar Salmonela ce. Ta daɗe tana mamakin wannan ƙwaya, amma ranar mamakin ya gauraya da tsoro. Ta bayyana wa yayanta cewa jiki yana da dakaru masu haɗiye ƙwayar cuta su zuba mata guba, sai dai wannan tana da sinadaran da ake kira enzayim, waɗanda ke warware gubar. Da haka ɓarawo ke zamansa lafiya a cikin mai gadin da ya haɗiye shi.

Ya ce duk ya ji, amma ina ƙazanta a gidansa?

Ta zagaya akurkin kajin, ba ta ga abin zargi ba, har ta iso bahon: a ruwa ɗaya ne ake tsoma ƙwan duka. Ta ɗebi kaɗan ta shuka, baƙin ɗigon ya sake fitowa.

"Yaya, ƙyallin nan ne ya kwantar da ita," in ji ta. "Wankin yana cire siririyar rigar kariya da ƙwai ya zo da ita, sai ruwan ya shigar da kashin kaji ta ɓawon."

Ya dubi farantin da ta kawo masa. "Wato ni da hannuna nake yi wa ɓarawon wanka?"

Ya kife bahon. Yanzu da busasshen ƙyalle yake gogewa, kuma ba a sauke ƙwai daga wuta sai ya nuna sosai. Yarinyar ta warke, ciwon bai dawo ba. Shi dai har yau, idan ya ɗaga ƙwai ya duba, yakan yi tsaki ya ce babu ƙyalli.