Sabon Rediyo a A-kori-kurar Baba

A-kori-kurar Baba ta girme ni, kuma in za a faɗi gaskiya ta fi ni gata a gidanmu na Tudun Wada. Kullum da safe sai ya bi ta da tsumma, ciki da waje, yana yi mata magana ƙasa-ƙasa. Da ita ya yi jigilar masara da rake daga ƙauyukan Doguwa har muka girma, amma ko fentinta bai yarda an sake ba.

Da idonsa ya fara gani dishi-dishi, dole ya sauka daga sitiyari, tuƙi ya koma hannun autanmu. To, sauka dai ta suna ce. Duk inda za a je Baba na zaune a gefe, yana tuƙi da baki: rage wuta, sake giya, akwai rami bayan gadar nan. Ramin da aka cike tun tuni ma sai an kauce masa. Auta ya yi aure har da 'yarsa, amma a motar nan bai wuce ɗan koyo ba. Abin yana ci masa rai, ni na sani, don wurina yake zuwa ya yi ta ƙorafi. Burinsa ɗaya ne a duniya, Baba ya yarda cewa ya isa a bar masa mota.

Ana haka sai ga auta ya dawo daga Kano da sabon rediyo a kwali, irin mai cin memori, mai fitilu shuɗaye. Tsohon rediyon motar ya daɗe da mutuwa, yana nan ne kawai don ado. Baba ya karɓi sabon ya jujjuya, ya ce ba laifi a sa, amma in aka yanki ƙarfen dashbod ɗinsa ko da faɗin farce ne, auta ya ajiye makulli, shi zai nemi direba a tasha. Bai ɗaga murya ba, kuma mun san ba wasa yake yi ba.

Aka kira mai wayarin. Ya gwada, sabon ya ƙi shiga gurbin tsohon, ya fi shi faɗi da kamar yatsa guda. Mutumin nan bai yi wata-wata ba ya zaro giranda, injin yankan ƙarfe, daga jaka, wai ɗan shafawa zai yi, tsoho ba zai gani ba. Ina tsaye a ƙofar zaure, na ce masa ya yi wa Allah ya mayar da abin nan inda ya ɗauko. Ba ya gani, eh, amma Baba mutum ne da zai damƙi masara a buhu ya gaya maka ko ta gama bushewa. Auta kuwa har ya fara lallaɓa ni, wai Yaya ki bari mana. Na ce in ya ga dama ya yanka, ni dai ba zan raka shi ba da haƙuri ba.

Haushina ya sa auta ya kwanta rigingine a ƙasan sitiyari da fitilar waya, ƙafafu a waje, yana ta ƙunƙuni. Can sai na ji ya yi shiru. Ashe tsohon rediyon ba a jikin dashbod yake ba, a kan wani farantin ƙarfe yake zaune, wanda aka ɗaure da sukurori ta baya. Ya ɗiga musu man keken ɗinkina, ya kwance su a hankali, farantin ya fito ɗungurungum da rediyonsa, ba a taɓa komai ba. Na naɗe shi a tsohon zane na ajiye.

Sai dai yanzu ramin ya yi wa sabon yawa. Da farko auta ya cusa kwali a gefe, muka gwada zagayen unguwa, gargadar farko rediyon ya faɗa ciki ya bar mu da wayoyi. Dariya har da hawaye na yi, shi kuwa kamar ya cije ni. Washegari ya kai farantin wurin kafinta aka fitar da irinsa sak a katako, aka huda gurbin sabon rediyon a tsakiya. Ranar kasuwa na kai wa baduku ya lulluɓe shi da baƙar fata, mai laushi, kalar dashbod ɗin. Auta ya ɗaure da sukurorin nan na asali, ya tattara wayoyin ya naɗe su da salatif. Wallahi kai ka ce da shi aka ƙero motar.

Bayan la'asar Baba ya fito duba aiki. Ya zauna, ya ce kada a kunna. Ya sa yatsa ya bi gefen fatar, kusurwa zuwa kusurwa, ya zura hannu ta ƙasa yana laluben kaifi. Ni da auta muna tsaye muna kallonsa.

"Ina abin da ka cire?" in ji Baba.

Na miƙa masa ƙunshin. Ya shafa farantin ya ji shi lafiya lau.

"In na ce a mayar, zai mayu?"

"Zai mayu, Baba. Yanzu ma in kana so."

"Bar shi. Gobe akwai lodi a Riruwai."

Iyakar yabon ke nan. Auta ya kalle ni, bai san ko ya ci jarrabawa ko ya faɗi ba.

Na bi su tafiyar, don ina da gaisuwar haihuwa a Doguwa, na zauna a tsakiya. Baba ya sa aka kamo masa labarai, ya gyara hula. Muka wuce gadar nan, ina jira in ji an ce akwai rami, shiru. Muka shiga dajin Falgore, shiru. Na waiga, sai na ga kansa ya jingina da ƙofa, baki a ɗan buɗe, yana sharar barci. Tun da nake ban taɓa ganin Baba ya runtsa a motar da wani ke ja ba. Daɗi ya kama ni har na ji ƙwalla.

Na zunguri auta da gwiwar hannu. Ya saci kallo sau ɗaya, ya miƙa hannu ya rage muryar rediyon, ya ci gaba da tuƙinsa yana murmushi har Doguwa.