Motar da Ta Iso da Kujera Ɗaya

Na daɗe ina jinkirin rubuta wannan, don kada a ce mai gadi ya fara surutu a kan dukiyar ubangidansa. Amma abin ya ƙi barina.

Ina gadin wani sito a unguwar da ake kira Madinar Masana'antu, a nan ƙasar Larabawa. Kafilina, wato ubangidan da ya tsaya mini na zo aiki, mai son tseren mota ne, irin wanda ake wuni a kwana ana zagaya fili, direba ya gaji wani ya karɓa. Tsohuwar motar da ya fara tsere da ita tana nan a lulluɓe. Ita kam mota ce: kujeru biyu, kafet, har da rediyo.

Ranar da aka kawo sabuwar kafili ba ya gari, ni na karɓa. Ta fi tsohuwar faɗi, ta kwanta da ƙasa, ga fiffike a bayanta. Sai da masu kawowa suka tafi na leƙa ciki. Kujera ɗaya! Babu kafet, babu rediyo, wayoyi duk a waje. Ƙofar ma shafal, kamar faifai. Kuma mabuɗin siton nan a hannuna kaɗai yake.

Na kira wani ɗan garinmu, direba a garin Ruwais, na ba shi labari. Ya ce, "Halas, shi ke nan, Malam, ɗaure jakarka. Iƙamarka, takardar zamanka a ƙasar nan, ta tafi tare da kujerar nan."

Na birkice siton kaf. Har ɗakina na duba, ko da yake na san ban ɗauka ba.

Da kafili ya dawo, tun a bakin ƙofa na tare shi. "Wallahi, ya shaikh, ban taɓa kujerar ba."

"Wace kujera?"

Na nuna masa. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce haka masu ƙera ta suka yi ta. Duk sabon samfuri sai sun rage masa nauyi, don kada ya yi ta tsayawa shan mai da canjin taya. "Yalla, maza koma bakin aikinka. Ta baɗi ma za ta fi wannan tsiraici."

Aikina ya tsira, amma hankalina bai kwanta ba. In ta baɗi ta iso, ta yaya zan bambance abin da maƙera suka cire da wanda ɓarawo ya cire? Don Allah, wanda ya san me da me ya kamata a tarar a cikinta, ya sanar da ni kafin ta sauka.